Bin Sawun Ɗan Majalisa a Abuja

Majalisar Dokoki ta Ƙasa a Najeriya tana da kujeru 469. Majalisar Dattawa na da sanatoci 109, uku-uku daga jihohi 36 da ɗaya daga Abuja, Majalisar Wakilai kuma na da mambobi 360. Kowannensu shekara huɗu ake ba shi, kuma abin da tsarin mulkin 1999 ya ɗora masa shi ne yin doka, da amincewa da yadda za a kashe kuɗin ƙasa, da sa ido a kan ma'aikatu da hukumomin gwamnati. Gwamna ana iya auna shi da titi da asibiti, domin baitulmalin jiha na hannunsa. Ɗan majalisa kuwa abin da ya mallaka shi ne kujerarsa a zaure, da bakinsa, da ƙuri'arsa, da mazauninsa a kwamiti. Duk mai son ya san ko wakilinsa ya riƙe amana, waɗannan ne sawun da zai bi. Wani sawun a fili yake, wani ya dushe, kuma wanda ya fi kowanne nauyi, wato ƙuri'a, shi aka fi sharewa.

Al'adar rubuta abin da 'yan majalisa suka faɗa daga Ingila ta samo asali, kuma ba cikin ruwan sanyi aka same ta ba. Har cikin ƙarni na 18 majalisar Birtaniya tana ɗaukar buga muhawararta a jarida a matsayin laifi. Sai bayan rikicin 1771, lokacin da ta nemi hukunta wasu masu ɗab'i a Landan, John Wilkes da hukumomin birnin suka tare musu faɗa, sannan ta saki wannan hani. A farkon ƙarni na 19 wani mai ɗab'i, Thomas Curson Hansard, ya riƙa buga muhawarar, shi ya sa har yau ake kiran kundin da sunansa. A 1909 majalisar wakilan Birtaniya ta karɓi aikin da kanta, ta ɗauki ma'aikata masu rubuta maganar kowa. Ƙasashen da Ingila ta mulka sun gaji sunan da aikin, har da Najeriya.

Amfanin irin wannan kundi sai an daɗe yake fitowa sosai. A watan Agustan 1950 Abubakar Tafawa Ɓalewa ya miƙe a Majalisar Dokokin Arewa a Kaduna, ya gabatar da ƙudirin neman a yi wa mulkin En'e garambawul, alhali yawancin waɗanda ke zaune tare da shi a En'e suke cin abinci. A ranar 31 ga Maris 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudirin neman mulkin kai a 1956 a Majalisar Wakilai ta Ikko, Sardauna Ahmadu Bello ya nemi a cire shekarar, a bar abin sai lokacin da ya dace. Masana tarihi har yanzu suna jayayya a kan wa ke da gaskiya a wannan rana, amma ba sa jayayya a kan wa ya ce me, saboda an rubuta. Jikokin mutanen da suka zaɓi waɗannan shugabanni suna iya karanta abin da aka faɗa da sunan kakanninsu.

A yau takardu uku ne ke fita daga zaman majalisa, wanda a al'ada ake yi ranakun Talata, Laraba da Alhamis. Akwai jadawalin zama, wanda ake rabawa kafin a fara, mai ɗauke da ƙudirorin ranar da rahotannin kwamitoci da sunan wanda ya kawo kowanne. Akwai taƙaitaccen bayanin abin da aka zartar, wanda ake amincewa da shi a zama na gaba. Sai Hansard, mai ɗauke da jawaban da kansu. Ga kuma hoton bidiyo, tunda ana nuna zaman kai tsaye a talabijin da intanet. Bayanan ba su ɓata ba, sai dai an jera su ne bisa kwanan wata, ba bisa sunan mutum ba. Malamin makaranta a Gumel ko ɗan kasuwa a Funtuwa da ke son sanin abin da wakilinsa ya faɗa cikin shekara guda, sai ya buɗe takardun kowane zama ɗaya bayan ɗaya, cikin Turancin lauyoyi, in ma ya same su a kan kari. Mai neman abincin rana ba shi da wannan lokaci.

Wannan giɓi ne ƙungiyoyin farar hula suka shiga cikewa. A Birtaniya shafin TheyWorkForYou ya fara a 2004: mutum zai rubuta lambar unguwarsa, sai sunan wakilinsa ya fito tare da jawabansa da yadda ya kaɗa ƙuri'a. A Kenya an kafa Mzalendo a 2005 da irin wannan manufa. A Najeriya cibiyar PLAC tana bin ƙudirorin doka daga mataki zuwa mataki, OrderPaper na fitar da ƙididdigar aikin mambobi, shirin Tracka na ƙungiyar BudgIT kuma yana bin ayyukan da aka rubuta a kasafin kuɗi har ƙauyen da aka ce za a yi su. Aikinsu na da amfani ƙwarai, amma duk mai ƙididdiga abin da aka ba shi yake ƙirgawa. Abin da majalisa ba ta fitar ba, babu shafin da zai iya nuna shi.

Mataki na farko shi ne halarta, kuma tun nan ake cin karo da bango. Sashe na 63 na tsarin mulki ya wajabta wa kowace majalisa ta zauna aƙalla kwana 181 a shekara. Sashe na 68 ya ce mamban da ya yi fashin zama fiye da kashi ɗaya cikin uku na kwanakin shekara ba tare da ƙwaƙƙwaran dalili ba, ya rasa kujerarsa. Doka ce mai kaifi a takarda. Amma aiwatar da ita na hannun shugaban majalisar, kuma rajistar da mambobi ke sa hannu a kai ba al'ada ba ce a buga ta kowa ya gani. Sashe na 54 ya ce kashi ɗaya cikin uku na mambobi ya isa a yi zama, wato sanatoci 37 ko wakilai 120. Tunda galibin dokoki da rinjayen waɗanda suka halarta ake zartar da su, sanatoci 19 na iya yanke hukuncin da zai hau kan mutum fiye da miliyan 200. Duk wanda ya taɓa kallon zaman yammacin Alhamis a talabijin ya ga jerin kujerun da ba kowa. Mutanen mazaɓa suna da haƙƙin su san ko kujerarsu tana cikin waɗannan.

Daga halarta sai magana. Hausawa sun daɗe da raɗa wa wakilin da ba a jin duriyarsa suna: ɗan ɗumama kujera. Zargin na da tushe, domin akwai waɗanda kan shekara huɗu ba su buɗe baki a zaure ba. Duk da haka ƙirga yawan magana ma'auni ne mai yaudara. Ba wanda ke magana sai shugaban zama ya ba shi dama, kuma tsofaffin hannu da shugabannin kwamitoci sun fi sababbin shiga samun wannan dama. Sannan tashi a ce an goyi bayan ƙudiri, magana ce ta daƙiƙa goma, amma a ƙididdiga daidai take da jawabin da mutum ya kwana uku yana haɗa hujjojinsa. Birtaniya ta ɗanɗana wannan. A 2006 aka fara kuka cewa wasu 'yan majalisa suna tsoma baki a muhawara da jera tambayoyi barkatai don kawai lambarsu ta hau a TheyWorkForYou, har masu shafin suka daina jera mambobi daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Duk abin da aka mayar ma'auni, 'yan siyasa za su koyi cika shi.

Nau'in maganar da 'yan Arewa suka fi gani daga wakilansu shi ne ƙudirin gaggawa bayan wani bala'i. 'Yan bindiga sun kai hari a wani ƙauye a Zamfara ko Katsina, ko ambaliya ta ci gari, sai wakilin yankin ya miƙe ya karanta adadin waɗanda aka rasa, a yi shiru na minti ɗaya, a yi kira ga jami'an tsaro su ƙara ƙaimi, hukumar NEMA ta kai agaji, a buga guduma. Kafin magariba bidiyon ya zagaye WhatsApp. Yin hakan ba laifi ba ne, wajibi ne ma, domin mutanen da aka kashe wa 'yan uwa suna buƙatar a ambace su a gaban ƙasa. Abin da ya kamata a sani shi ne irin wannan matsaya shawara ce kawai, ba ta tilasta wa ɓangaren zartarwa komai. Kowace majalisa tana da kwamitin bin diddigin ko an aiwatar da matsayarta. Don haka alamar wakili na gari tana fitowa ne bayan wata biyu ko uku: ya koma ya tambayi ina aka kwana? Ya sa an gayyato shugaban hukumar da ta yi biris? Da lokacin kasafin kuɗi ya zo, ya tuna da wannan ƙauye?

Akwai ranar da magana a zaure ta juya tarihin ƙasar. A watan Mayun 2006, lokacin yunƙurin tazarcen Shugaba Olusegun Obasanjo, Majalisar Dattawa ƙarƙashin Ken Nnamani ta bari aka nuna muhawarar gyaran tsarin mulki kai tsaye a talabijin. Sanatoci suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya, kowa ya san mutanen garinsu na kallonsa. A ranar 16 ga watan ƙudirin ya mutu. Da a bayan labule aka yi wannan muhawara, da wuya a ce ga yadda za ta ƙare. Idon jama'a shi ya hana wasu yin abin da aka so su yi.

Ma'aunin da 'yan majalisa da kansu suka fi so shi ne yawan ƙudirorin doka. Idan zaɓe ya ƙarato za a ga fosta da hoton onarabul, ƙarƙashinsa an jera ƙudirori ashirin ko talatin da ya gabatar. Mai karatu na buƙatar ya san tafiyar ƙudiri kafin lambar ta burge shi. Karatu na ɗaya ambaton sunan ƙudirin ne kawai, babu muhawara. A karatu na biyu ake tattauna manufarsa. Daga nan sai kwamiti, inda akan yi zaman jin ra'ayin jama'a, sai a dawo da rahoto a bi shi sashe-sashe, sai karatu na uku. Sannan ɗaya majalisar ta amince, a kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, majalisun biyu na iya tsallake shi da kashi biyu cikin uku, kamar yadda suka yi wa Obasanjo a 2000 a kan dokar hukumar raya yankin Neja Delta. Yawancin ƙudirorin da ke kan fosta ba su wuce matakin farko ba. Da yawa daga cikinsu kuma iri ɗaya ne: a kafa jami'ar tarayya, ko kwalejin noma, ko cibiyar lafiya ta tarayya a mazaɓar mai ƙudirin, ba tare da an faɗi inda kuɗin zai fito ba, alhali jami'o'in da ake da su suna fama da yajin aiki da rashin kuɗi.

Doka ɗaya mai nauyi ta fi irin waɗannan hamsin. Gyaran da ya rage shekarun tsayawa takara, wanda Tony Nwulu ya ɗauka a Majalisar Wakilai, Abdulaziz Nyako kuma a ta Dattawa, an sa masa hannu ranar 31 ga Mayu 2018. Ya sauko da shekarun takarar ɗan majalisar wakilai daga 30 zuwa 25, na shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. Dokar 'yancin samun bayanai ta shafe fiye da shekara goma tana kai da kawo kafin Shugaba Goodluck Jonathan ya sa mata hannu a 2011. Dokar masana'antar man fetur, da aka fara kai wa majalisa a 2008, sai a Agustan 2021 ta tabbata. Dokar kafa hukumar raya Arewa maso Gabas ta 2017 ta zo ne bayan ɓarnar Boko Haram. A irin waɗannan dogayen tafiye-tafiye akwai mutanen da sunansu ba ya kan ƙudirin amma su suka gyara sassansa a kwamiti, ƙididdiga kuma ba ta ganinsu. Saurin tafiyar ƙudiri shi ma abin lura ne. Dokar komawa tsohon taken ƙasa a Mayun 2024 cikin mako guda ta ratsa majalisun biyu ta samu sa hannu. Idan majalisa ta so abu ta san hanyar yin sa da wuri, saboda haka ƙudirin da ya yi shekaru a kwance ana iya tambayar wa ya danne shi.

Ƙuri'a ita ce ƙashin bayan aikin gaba ɗaya. Jawabi na iya zama na neman suna, ƙudiri na iya zama na fosta, amma lokacin yanke hukunci dole mutum ya tsaya ko dama ko hagu. A nan ne kuma majalisar Najeriya ta fi rufe fuska. Kusan komai da ƙuri'ar murya ake zartar da shi. Shugaban zama zai ce masu goyon baya su amsa, sai a ji guɗa ta tashi. Ya ce masu adawa su amsa, wata ta tashi. Sai ya auna da kunnensa, ya faɗi ɓangaren da ya yi rinjaye, ya buga guduma. Duka abin bai kai rabin minti ba. Ba a ƙirga kowa, ba a rubuta sunan kowa. An sha ganin bidiyon da muryar masu cewa a'a ta fi ƙarfi a kunnen mai kallo, amma guduma ta faɗa wa ɗaya ɓangaren. Mamban da ya amsa da eh a Abuja na iya zuwa gidan rediyo a Kano ko Sakkwato ranar Asabar ya rantse cewa shi ya ƙi, babu takardar da za ta ƙaryata shi. Wanda ya ƙi da gaske shi ma ba shi da shaidar da zai nuna. Tsarin yana cutar mai gaskiya, yana rufa wa mai fuska biyu asiri.

Ƙa'idojin majalisar sun tanadi mafita: mamba na iya ƙalubalantar hukuncin shugaba ya nemi a rarrabe, a kira kowa ya faɗi matsayinsa. Ba kasafai ake yi ba, amma ranar da aka yi an ga tasirinsa. A ranar 15 ga Yuli 2021 Majalisar Dattawa na duba gyaran dokar zaɓe, aka zo kan batun aika sakamako ta na'ura. Sanata Aliyu Sabi Abdullahi ya kawo gyaran da ya ce sai hukumar sadarwa ta NCC ta tabbatar da wadatar layin sadarwa, majalisa kuma ta amince, kafin hukumar zaɓe ta INEC ta yi hakan. Shugaban majalisar Ahmad Lawan ya buga guduma, zaure ya hargitse, shugaban marasa rinjaye Enyinnaya Abaribe ya dage sai an rarrabe. Aka kira suna ɗaya bayan ɗaya: 52 suka goyi bayan gyaran, 28 suka ƙi, 28 ba sa nan. Washegari jaridu suka buga sunayen duka, har da na waɗanda suka sulale. Sanatoci da dama suka sha tambaya daga mutanensu. A watan Oktoban shekarar majalisar ta janye matsayinta, ta bar wa INEC ikon. Akwai wasu dalilan da suka taimaka, amma fitowar sunaye na cikin manya.

A kwatanta wannan da ranar 20 ga Maris 2025. Kwana biyu kafin nan Shugaba Bola Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da majalisar jihar na wata shida. Sashe na 305 ya ce irin wannan shela sai ta samu goyon bayan kashi biyu cikin uku na dukkan mambobin kowace majalisa, wato wakilai 240 da sanatoci 73. Majalisun biyu suka amince da ƙuri'ar murya. Kunne ba ya ƙirga 240. Ko mutum na ganin dokar ta-ɓacin ta dace ko bai gani ba, inda tsarin mulki ya ambaci adadi dole a ƙirga, kuma rashin ƙirgawar tauye haƙƙin masu zaɓe ne. Haka batun dokokin haraji da aka kai majalisa a Oktoban 2024, waɗanda gwamnonin Arewa suka fito suka soka tun farko saboda tsarin rabon harajin kayayyaki, aka yi musu gyare-gyare, aka sa musu hannu a Yunin 2025. An yi watanni ana muhawara a masallatai da kasuwanni da gidajen rediyo, amma mai zaɓe a Bauci ko Birnin Kebbi ba shi da jadawalin da zai duba ya ga matsayin wakilinsa a kan kowane sashe.

Ba rashin kayan aiki ne ya kawo haka ba. An yi amfani da na'urar kaɗa ƙuri'a lokacin gyaran tsarin mulki a 2017, da kuma ranar 1 ga Maris 2022, lokacin da aka kayar da ƙudirorin da suka shafi wakilcin mata, har mata suka yi kwanaki suna zanga-zanga a ƙofar majalisar. A Amurka tsarin mulki da kansa ya ce idan kashi ɗaya cikin biyar na waɗanda ke zaune suka nema, dole a rubuta sunan kowa da ƙuri'arsa. A Birtaniya kowace rarrabewa ana buga sunayenta a ranar.

Kwamiti shi ne ɗakin girkin majalisa, kuma shi ne inda haske ya fi ƙaranci. Sashe na 88 da na 89 sun ba majalisa ikon bincike da gayyato kowa ya ba da shaida. A kwamiti ministoci ke kare kasafin kuɗinsu, daga can ake fita ziyarar gani da ido, a can ake sake rubuta dokoki. Ba a cika samun rubutaccen bayanin waɗannan zama ba, kuma sau da yawa da an gama jawabin buɗewa sai a ce 'yan jarida su fita. Labarin ɗan majalisar wakilai Faruk Lawan ya isa darasi. Ya yi suna a zaure a matsayin mai tsage gaskiya, kuma kwamitin da ya jagoranta a 2012 ya bankaɗo ɓarna mai yawa a tallafin man fetur. Daga baya kotu ta same shi da laifin karɓar dala 500,000 daga attajiri Femi Otedola don cire sunan kamfaninsa daga rahoton. A 2021 aka yanke masa shekara bakwai, kotun ɗaukaka ƙara ta rage zuwa biyar, Kotun Ƙoli ta tabbatar a Janairun 2024. Wanda ya auna shi da jawabansa na zaure kaɗai da ya ba shi maki cikakke.

A idon yawancin masu zaɓe dai aikin ɗan majalisa shi ne abin da ya kawo gida: rijiyar burtsatse, fitilun sola, keken ɗinki, injin niƙa, babur, takardar ɗaukar aiki. Ba za a zargi talaka da wannan ba, domin inda ƙaramar hukuma ta mutu, duk wanda ya kawo ruwa shi ne gwamnati. An yi shekaru ana ware naira biliyan 100 a kowane kasafi don ayyukan mazaɓu. Ɗan majalisa ne ke zaɓar aikin da wurinsa, wata hukumar gwamnati ce ke ba da kwangilar a hukumance. A Nuwamban 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya ce an kashe kimanin naira tiriliyan ɗaya a wannan fanni cikin shekara goma ba tare da an ga tasirin da ya dace ba, kuma a shekarar ce hukumar yaƙi da rashawa ta ICPC ta fara bin sawun ayyukan. Wannan sawu ya fi na ƙuri'a sauƙin bi, tunda kasafin kuɗi a buɗe yake, da sunan aiki da garin da kuɗinsa. Abu biyu ya kamata a riƙe: kuɗin na jama'a ne, ba kyauta ba ce daga aljihun onarabul, sannan babur ɗari ba ya goge ƙuri'a ɗaya da aka kaɗa a kan bashi ko haraji da za ta bi mutane shekara ashirin.

Waɗanda suka ɗaga murya daga ciki a kan kasafi sun ɗanɗana kuɗarsu. A 2016 Abdulmumin Jibrin, wakilin Kiru da Bebeji kuma tsohon shugaban kwamitin kasafi, ya yi zargin cushe, aka dakatar da shi na kwanakin zama 180. A Maris 2024 Sanata Abdul Ningi na Bauci ta Tsakiya ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa akwai kimanin naira tiriliyan 3.7 a kasafin shekarar da ba a ga ayyukan da aka jingina su da su ba. Majalisar ta musanta, ta dakatar da shi na wata uku. Duk tsawon dakatarwa irin wannan, mazaɓa guda ce ke zama ba murya ba ƙuri'a.

Batun Ningi ya taɓo wani abu da ya shafi masu jin Hausa kai tsaye. Maganar da ta girgiza majalisar da Hausa aka yi ta, sai da aka fassara ta kafin a yi muhawara a kanta a zaure. Fassarar da ake buƙata kullum ita ce ta ɗaya ɓangaren, daga zaure zuwa ga jama'a. Sashe na 55 ya ce za a gudanar da harkokin majalisa da Turanci, da kuma Hausa, Ibo da Yarbanci idan an yi tanadin da ya dace. Fiye da shekara 25 ke nan ana jiran tanadin. Ko ba a kai ga yin muhawara da Hausa ba, fassara taƙaitaccen bayanin kowane zama aiki ne da ma'aikata kaɗan za su iya. A halin yanzu abin da ke isa kunnen manomi shi ne abin da sojojin baka suka faɗa a shirye-shiryen siyasa na dare, wannan na wasa gwaninsa, wancan na kushe shi, babu mai riƙe da takarda. Gidan rediyon da zai ware minti goma sha biyar a mako ya karanta wa masu sauraro abin da wakilan jiharsu suka gabatar da abin da suka faɗa, daga takardun majalisa, zai yi wa jama'a hidimar da ta fi awa goma ta cacar baki. Majalisun jihohi sun fi buƙatar wannan ido, domin can ne ake zartar da doka cikin kwana ɗaya ko biyu, kamar yadda aka gani a Kano a 2019 da aka ƙirƙiri sababbin masarautu, da 2024 da aka rushe su.

Makamin da tsarin mulki ya ba masu zaɓe tsakanin zaɓe da zaɓe shi ne kiranye, amma sashe na 69 ya sa masa sharaɗi mai tsauri: sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi ta Yamma ya rushe a 2018, da aka zo tantancewa aka samu kashi biyar da ɗoriya cikin ɗari kacal. Na Sanata Natasha Akpoti-Uduaghan a 2025 bai kai matakin tantancewa ba. Ranar zaɓe ce kaɗai ta rage a matsayin ranar hisabi, kuma hisabi ba ya yiwuwa ba tare da littafi ba.

Gyaran da ake buƙata bai kai gyaran tsarin mulki wuya ba. Sashe na 60 ya ba kowace majalisa ikon tsara ƙa'idojin aikinta, don haka Majalisar Dattawa ƙarƙashin Godswill Akpabio da ta Wakilai ƙarƙashin Tajuddin Abbas suna iya zartarwa a zama ɗaya cewa duk karatu na uku, duk amincewa da bashi, duk kasafin kuɗi, da duk abin da tsarin mulki ya ɗaura wa adadi, da na'ura za a kaɗa ƙuri'arsa a buga sunaye, a kuma riƙa fitar da rajistar halarta kowane wata. Masu neman kujerun nan za su zo ƙofar gida neman ƙuri'a kafin zaɓen 2027. Ya kamata malamai, da 'yan jarida, da ƙungiyoyin matasa da na mata su tambayi kowane ɗan takara a bainar jama'a ko zai goyi bayan a rubuta ƙuri'arsa da sunansa, kuma su ajiye amsar da ya bayar.